Ƙwayar Kalwa a Cikin Shuku

Unguwar Ɗorayi,
Bayan garin Birnin Gwari.
Litinin, 20 ga Shawwal.

Zuwa ga Yayata Jannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Salim da ɗana Usama. Yaya kuka sha ruwa, yaya aka yi Sallah, yaya kuma ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya karɓi ibadunmu, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya mana Usama, ya sa haƙoran nan su fito masa ba wahala. Mu nan duk muna lafiya, sai godiyar Allah. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har ya fara fita sharar gona. Inna tana nan yadda kika san ta, ba ta zama. An yi ruwa sau ɗaya ya ɗauke, yanzu zafi ake yi sosai. Akuyarki mai baƙin kunne ta haifi biyu, duk mata, kuma Inna ta ce kada ki damu, ba wanda zai taɓa miki su.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina. Kin san ni da waya. Duk ranar da kika kira Baba aka miƙo mini, kowa sai ya zuba mini ido, bakina ya mutu, ba na iya cewa komai sai lafiya lau. To wannan labarin ya fi ƙarfin lafiya lau, kuma so nake ki ji shi daga wurina tun daga farko, kafin Goggo Bara'atu ta ba ki nata mai gishiri. Mailafiya direba zai taso da lodin masara jibi Laraba, ya ce zai kawo miki har gida. Shi ya sa na yago takardu daga tsohon littafina na aji shida, na shige bayan rumbu inda ba mai leƙo ni. Ki yi haƙuri da rubutun, ɗoki ne ya sa nake ta sauri. Yaya, an kama ɓarawo a unguwarmu, har motar 'yan sanda ta zo, kuma wai ni ce sanadi! Ni Auta!

Tun cikin azumi abubuwa suka fara ɓacewa. Farko babbar tukunyar Inna ta dafa taliya, wadda ta kife a bakin rijiya. Daga nan butar ƙarfe ta Malam Liman, sai rediyon Baba Nababa, tsohon nan mai tufka igiya a gindin ɗorawar bakin hanya, sai fitilar sola ta gidan Suhaibu, sai kaji nan da can. Abin dariya, maimakon mutane su firgita, sai ka ga kamar daɗi suke ji. Baba cewa ya yi alhamdulillahi, ashe mun dawo zamanin ɓarawon kaza, shi a shekarun nan ya ma manta akwai ɓarawon da ba ya riƙe bindiga. Amma Yusha'u, shugaban 'yan sintirinmu, bai ga abin dariya ba. Ya ce abin kunya ne a ce sun iya tsare bakin daji amma buta ta gagare su. Kullum yana yawo a babur da gora a baya, yana tare baƙi yana tambayarsu daga ina zuwa ina. Har wani mai tallan tabarmi daga Kuyello suka riƙe wuni guda, daga baya suka ba shi fura suka sallame shi.

To ranar Alhamis ta wancan makon aka yi suna a gidan Suhaibu. Da hantsi Adawiyya ta zo in yi mata kitso. Ba lalle ki san ta sosai ba, ƙanwar Yusha'u ce, aurenta ya mutu a Funtuwa, ta dawo gidansa tun bara. Mace ce mai son gayu da ba'a. Ta ce shuku take so, irin mai tsini a tsakiyar kai, ƙanana ƙanana, don matan ƙauye su san ta zauna a birni. Na zauna na tsaga na kama, kin dai san hannuna. Ke ma da kika koya mini kullum faɗa kike yi, wai ina jan gashi kamar mai ɗaure dami. Tana ta wash, tana cewa Auta ko na ci miki wani abu ne, ni kuwa ina ta ba ta haƙuri ƙasa ƙasa. Da muka gama ta duba madubi ta yaba, amma ta ce ko ɗankwali da ƙyar kanta zai ɗauka. Ta zo da daron wanki da za ta biya da shi rafi. Ta naɗa gammo ta ɗora a ka, ta yi ƙara ta sauke. Sai ta saɓa shi a kafaɗa, tana dariya tana cewa yau dai na mayar da ita Bagwariya ƙarfi da yaji. Ni kaɗai ce a gidan, su Inna sun riga sun tafi gidan suna taya aiki. Na yi dariya na manta da zancen.

Kin san lokacin ɗorawa ne. Goggo Bara'atu ta sha wahala bana, ta bi bishiyoyin da ta gada duka, ta daka, ta wanke kalwarta tas a rafi, ta shanya a falalen dutsen nan na bayan gidanta. Da ita take yin daddawar da za ta riƙe ta har kaka. Ranar ta bar shanyar ta tafi cin tuwon suna. Bayan azahar ta dawo ta tarar an kwashe fiye da rabi. Yaya, ihun da ta yi har mutane sun fara kwasar yara, an zaci mutanen daji ne suka shigo. Da aka gane kalwa ce, wasu suka zauna a ƙasa suna dariya, ita kuwa tana tsine wa ɓarawo har kakansa na bakwai. Aka tambayi wa ya ga wani abu. Baba Nababa, da bai je suna ba saboda ƙafarsa, ya ce shi ya hango mace daga nesa ta sauko daga dutsen ta nufi rafi. Ya ce fuska dai bai gani ba, don idonsa ya yi yana, amma ya rantse kayan a kafaɗa ta ɗauka, ba a ka ba. Aka duba, ga kalwa nan ta zuba ɗai-ɗai a hanyar rafi. Shi ke nan kowa ya kalli kowa. A unguwar nan wace ce ke ɗaukar kaya a kafaɗa, kuma gidan wa ke tsallaken rafi? Ba wanda ya tsaya dogon tunani.

Da la'asar Mama Laraba, uwar ƙawata Comfort, ta fito daga bakin daji da itace a kafaɗarta, yadda matan Gbagyi ke yi tun kaka da kakanni. Su Yusha'u suka tare ta a mashigin rafi. Ta ce ita tun safe tana wurin itace, amma ba ta da shaida, don ita kaɗai ta je. Suka bincika gidanta ba su ga komai ba, Yusha'u ya ce ai ɓarawo ba ya ajiya a ɗakinsa. Suka taso ta gaba suka bi da ita ta tsakiyar unguwa, ta gaban masallaci, ta gaban gidan suna inda mata suka cika, yara na biye. Ba ta yi kuka ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Abin da kawai ta faɗa shi ne shekara talatin tana shan ruwan rijiya ɗaya da mu, yau ne aka san ta da sata? Mai unguwa ya ce a bar ta wurin matansa a cikin gida, gobe bayan Juma'a a zauna. In kalwa ba ta fito ba, sai a miƙa ta caji ofis a cikin gari, har da maganar tukunya da buta da rediyo duk a kanta. Ɗanta Joshua ya zo yana huci, ya ce in aka kai uwarsu caji ofis to sun gama zaman unguwar nan, Kazage za su koma wurin dangi.

Yaya, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Kin tuna shekarar gudu, da muka bar gida da rana tsaka muka nufi cikin gari a ƙafa, ƙaya ta shige mini tafin ƙafa na zauna ina kuka? Ke kina riƙe da Inna, Baba ya koma neman shanu. Wa ya ɗauke ni? Mama Laraba ce ta ajiye buhun doyarta a hanya ta saɓa ni a kafaɗa, ba ta sauke ni ba sai a makarantar da aka tara mu. Har yau ina tuna warin hayaƙin zanenta. Wannan kafaɗar ce yanzu aka ce ita ce shaidar sata. Amma wallahi har lokacin zuciyata ba ta kawo mini Adawiyya ba. Na ɗauka dai wata ce daga wani ƙauye.

Washegari Juma'a da safe sai ga Adawiyya, tana dafe da kai. Ta ce kitsona ya hana ta sakat, in sassauta mata na wajen kunnen hagu, sun yi mata ƙuraje. Ta zauna a tabarma, ni na hau kujera a bayanta, ta zame mayafi. Kin san mai kitso daga sama take kallon mutum. Abin da na fara gani shi ne kafaɗarta ta hagu ta yi jawur, ta ɗaye a dogon layi, irin cin da bakin daro ke yi in ya yi nauyi. Daron wankin da ta zo da shi jiya ba zai yi wannan ba, tsummokara uku ne a ciki. Na sa tsinke na fara tsifa. Ina ɗaga kitso na biyu, sai wani abu ya faɗo mini a cinya. Ƙwayar kalwa ce, wankakkiya, busasshiya, ta maƙale a tsakanin kitson da ni da hannuna na yi jiya. Yaya, ji na yi kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Na damƙe ta a hannu. Adawiyya tana ta zuba, tana cewa ai Gwarawan nan sai a hankali, ita da ma tun tuni ba ta yarda da matar ba. Ta tambaye ni me ya sa na tsaya, na ce yunwa ce. Da ta tafi na ƙulle ƙwayar a bakin hijabina.

Na samu Inna a madafa na gaya mata komai. Ta saki muciya ta rufe mini baki da hannu. Ta ce in rufa mata asiri, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma Yusha'u shi ke tsare mana gari, in muka kunyata gidansa ranar da muke neman taimako wa za mu kira? Ta ce manya suna nan, su za su gano. Kin san ba na iya musu da Inna. Can sai Comfort ta wuce ta ƙofar gidanmu da kwanon abinci za ta kai wa uwarta, idanunta sun kumbura. Da kullum sai ta leƙo ta ce Auta kurma, fito mu je rafi. Ranar ko kallon ƙofar ba ta yi ba. Inna ma ta gan ta. Ta daɗe tana juya tuwon da ya riga ya tuƙu, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita dai ba ta aike ni ba, amma kuma ba ta ɗaure mini ƙafa ba.

Bayan an sauko Juma'a aka taru a gindin ceɗiyar ƙofar mai unguwa. Maza a zaune a gaba, mata a tsaye jikin katanga, Mama Laraba a kan tabarma ita kaɗai a tsakiya. Rabona da ganin taro haka tun bikinki. Adawiyya tana cikin mata, ta ci ado, ta fi kowa ɗaga murya. Aka sake jin bakin Baba Nababa, aka sake jin na Goggo. Mai unguwa ya tambayi Mama Laraba ko tana da abin faɗa, ta ce wanda ta faɗa jiya shi ne, ba ta da wani. Yusha'u ya miƙe ya ce to a kawo babur. Ni ina bayan Goggo. Na buɗe baki sau uku ba abin da ya fito. Da na ga an tayar da babur, sai na ja zanen Goggo na raɗa mata a kunne. Kin san Goggo ba ta san raɗa ba. Duk kalmar da na sa mata a kunne sai ta fito ta bakinta kamar lasifikar masallaci, har da ƙarin da ban faɗa ba. Ni na ce na ga ciwo a kafaɗar Adawiyya, ita ta ce an ga tambarin sata a jikin shegiya mai kan zakara. Wuri ya kaure. Adawiyya ta yi tsalle tana cewa sharri ne, yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ba ita za a saurara? Yusha'u ya juyo ya zuba mini jajayen idanunsa.

Mai unguwa ya buga sanda aka yi tsit. Ya ce wa Goggo ta huta, shi ba da tafinta zai yi shari'a ba, yarinya tana da baki, ta matso ta faɗa da kanta. Yaya, ban san yadda na isa gabansa ba. Na durƙusa, idona a kan takalminsa, wani ɗinkakken fade mai jan zare, har yau ina ganinsa. Na ce ranka ya daɗe, sai murya ta maƙale. Sai na ji Mama Laraba a gefena ta ce a hankali, 'yata, faɗi abin da kika gani kawai, ko bai cece ni ba. Daga nan bakina ya buɗe. Na faɗi yadda na yi shukun, da yadda gammo ya ƙi zama, da maganar da Adawiyya ta yi da ta saɓa daro, da ciwon kafaɗa. Na kwance bakin hijabi na ajiye ƙwayar kalwar a tafin hannunsa. Na ƙara da abin da ban ma shirya ba, na ce tun da nake ban taɓa ganin Mama Laraba ta zubar da ko ƙwayar dawa ɗaya daga kafaɗarta ba, wanda ya zubar da kalwa tun daga dutse har rafi baƙon kafaɗa ne. Wani daga cikin maza ya ce kai, ashe kurman nan tana magana, aka yi dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Mai unguwa ya ce gani ya kori ji. Ya sa aka ciko daro da masara fal. Ya ce Baba Nababa ya koma can gindin dalbejiya, nisan da ya yi daidai da na jiya. Aka ba Mama Laraba. Ta saɓa da hannu ɗaya ta tafi har rijiya ta dawo, a miƙe kamar tabarya, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Baba Nababa ya girgiza kai ya ce a'a, ta jiya ba haka take tafiya ba, ta jiya a karkace take kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Aka ce Adawiyya ta zo ta ɗauka yadda ta saba. Ta ce kanta na ciwo. Aka ce to ta ɗauka yadda za ta iya. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta ɗora a kafaɗar dama don ta ɓoye ta hagun. Taku biyar ta yi masara ta fara zuba, kajin mai unguwa suka bi ta a guje. Baba Nababa ya miƙe ba sanda, yana nuna ta yana cewa ita ce, wallahi ita ce, a tambaye ta ina rediyonsa! Matan mai unguwa suka shiga da ita ciki suka duba kafaɗar, suka fito suna salati.

Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne wurin da aka samu kayan. A gidan Yusha'u, cikin tsohon ɗakin da yake ajiye babur ɗinsa, bayan buhunan ƙaiƙayi. Ga kalwar Goggo a buhu, ga butar Malam Liman, ga fitila, ga rediyo har da batirinsa. Kusan wata biyu yana zagaye bakin daji yana neman ɓarawo, alhali kullum da safe a gaban kayan yake tayar da babur. Tukunyar Inna ce kawai babu, Adawiyya ta ce ta sayar wa wani mai gwangwan a cikin gari, shi ma an kamo shi washegari, an samu tukunyar ya riga ya lotsa ta. Na zaci Yusha'u zai kare ƙanwarsa, amma bai yi ba. Gumi na zuba a fuskarsa ya ce dokar da ya yi wa uwar wani ita zai yi wa 'yar uwarsa, shi da kansa ya kira 'yan sanda. Da motar ta shigo, unguwa gaba ɗaya ta fito kallo. Inna ta ce rabon da motar nan ta zo mana ba don ɗaukar gawa ko jajen wanda aka sace ba, har ta manta. Ɗan sandan da ya ga kayan shaida, buta da kalwa, sai da ya juya baya ya yi dariya. Goggo ta so ta bi su a motar, mai unguwa ya hana ta, ya ce ta je ta tsare shanyarta, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Da aka ce wa Mama Laraba ta tashi ta tafi gida, a yi haƙuri, sai ta ce ba za ta tashi ba. Ta ce ba ita ta kawo kanta ba. Ta hanyar da aka bi da ita jiya, ta nan za a mayar da ita, kuma wanda ya kawo ta shi zai raka ta. Haka aka yi. Yusha'u ya saɓa itacenta, da ke jingine a ƙofar mai unguwa tun jiya, ya bi bayanta ta gaban masallaci, ta gaban gidan Suhaibu, har tsallaken rafi, yana faɗa wa duk wanda suka gamu da shi cewa matar nan ba ta ɗauki komai ba. Shi ma a karkace ya tafi, yara suna ta dariya. Ba zan ce miki komai ya koma daidai ba. Joshua har yau ba ya amsa gaisuwar Yusha'u, sai dai maganar komawa Kazage ta mutu. Goggo sai da ta je ba da haƙuri sau biyu, a na biyun da daddawa a kwano, kafin aka shimfiɗa mata tabarma. Adawiyya kwana biyu ta yi a caji ofis, dattawa suka yi belinta, yanzu an mayar da ita Funtuwa wurin gwaggonsu. Ni dai wani lokaci tausayinta nake ji. Ta zauna a gabana ta ba ni kanta da amana, ni kuma a nan na ga abin da na gani. Na tambayi Baba ko na yi laifi, ya ce wanda ya ɓoye shaida shi ne mai laifi, in bar zancen.

Yanzu matan unguwa sun sa ni a gaba da tsokana. In za su zo kitso sai su ce bari su kakkaɓe kansu tukuna, kada Auta ta tsinci wani abu ta kai su gaban mai unguwa. Amma zuwa suke yi, har sun fi da. Jiya Lahadi kuwa, bayan sun taso daga coci, sai ga Mama Laraba da Comfort a gidanmu. Comfort ta leƙo ta ce Auta mai baki, fito. Mama Laraba ta zauna a tabarmata ta cire ɗankwali, ta ce shuku take so, irin na Adawiyya sak, mai tsinin nan. Inna ta ce haba Maman Comfort, ga aikin gona ya taso, da wane kai za ki ɗauki kaya? Ta yi dariya ta ce a unguwar nan kaf ita kaɗai ce za ta yi shuku yau ta tafi itace gobe, don su a wurinsu kai sarki ne, ba a ɗora wa sarki kaya. Inna ta yi mini ido wai in sassauta hannu. Mama Laraba ta gani, ta ce kul, in ja yadda na saba, zafin hannun nan shi ya hana ta kwana a caji ofis. Na ja kuwa. Ta yi wash sau ɗaya, ta ce ci gaba.

Yaya, takarda ta ƙare, sai bangon littafin. Ki gaishe mini da Yaya Salim da kyau, ki ce ina yi masa fatan buɗi a kasuwa. Ki sumbaci Usama, ki gaya masa innarsa Auta ta yi magana a gaban mai unguwa. Baba da Inna suna gaishe ku, Inna ta ce in kin samu tukunya mai kauri a can ki tuna da ita. Goggo Bara'atu tana gaisuwa, ƙullin daddawar da Mailafiya zai ba ki daga wurinta ne, kuma daga kalwar nan ce da ta je ta dawo. Baba Nababa ya ce a gaya miki rediyonsa na magana. Mama Laraba da Comfort suna gaishe ki, sun sa miki doya biyu a motar. In kin zo da babbar Sallah, ki zo da kanki a tsefe, ni zan yi miki, kuma wannan karon ba za ki ce in sassauta ba. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Karima (Auta)